Injin Da Ban Tsiyaye Mansa Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina aji uku na ƙaramar sakandare, yarinya ce ni da ko malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Ba na magana, amma ina ganin komai: wanda maɓallin rigarsa ya fita, wadda ta zo da takalmin yayarta. Babana kayan babur yake sayarwa a wani ɗan shago a Sabon Gari, inji na hannu, tanki, salansa, tayoyi. Idan an tashi makaranta nakan biya in taya shi zama har la'asar. A aji kuwa cewa kawai nake ɗan kasuwa ne, in yi shiru, kowa ya ɗauka atamfa yake sayarwa.

Yawancin masu sayen kayansa makanikai ne na garuruwan gabas, kuma aika inji a motar fasinja kusan kuɗin kujerar mutum ake biya. Sai Allah Ya haɗa shi da wani dattijon direba da ke kawo wake Kano daga garuruwan nan, ya koma da motarsa babu komai. Duk Laraba direban yakan tsaya a Fagge, 'yan kasuwa kaɗan su yi haɗaka su cika masa mota, su biya shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sharaɗinsa ɗaya ne a kan Baba: kada inji ya hau motarsa da ɗigon mai a cikinsa, tunda a ƙasa ɗaya ake jera shi da kayan mutane. Bai taɓa dubawa ba. Idan Baba ya ce busasshe ne, shi ke nan. Wadda ta kai Baba wurin direban ma maƙwabciyarmu ce a shago, wata tela Ibo da aka haifa a Sabon Gari, muna ce mata Mama. Ita kayan makaranta take ɗinkawa tana aikawa. Takan zolaye ni wai ranar da ta ji na yi dariya da ƙarfi za ta yanka kaza.

Wata Laraba injuna uku za a aika. Baba ya tsiyaye biyu, ya sassauta notin fitar mai na ukun, sai aka kira salla. Ya nuna mini gwangwani ya ce in ƙarasa kwance notin in tara man, in ya gama zuba in ɗaure in toshe da tsumma, aikin da na sha yi. Na naɗe farin hijabina ke nan zan tsuguna, na hango 'yan ajinmu uku sun taho daga wajen shataletalen Bata, har da wadda ba ta barin kowa ya sha iska da bakinta. Na dubi hannuna, na dubi baƙin man da ke jikin injin, na ji sunan da za a laƙaba mini gobe a aji. Na shige bayan tayoyi na lafe. Su kuma suka tsaya a shagon Mama suna cinikin rage siket, sun daɗe. Suna wucewa sai ga Baba da mai adaidaita sahu. Baba ya tambaye ni an gama? Na gyaɗa kai. Da ƙafata na tura busasshen gwangwanin ƙarƙashin benci.

Har Fagge na bi su. Da 'yan dako suka sauke injin daga adaidaita na ga ɗigo uku baƙaƙe a ƙasa, kowanne kamar kwabo. Ba wanda ya lura sai ni. Na taka su da takalmina na murza. Ina tsaye aka tura injin can ƙurya, aka jingina dilar kayan ɗinkin Mama kusa da shi, direban yana yi wa Baba wasa wai da kowa irin Alhaji ne da ya daina yawo da tsumman goge mota.

Ranar Asabar direban ya zo shago da kansa, dilar a kafaɗar ɗan dako. A hanya notin ya ƙarasa kwancewa, man ya bi ƙasan mota, dilar ta shanye shi. Fararen rigunan 'yan firamare ne, makarantar da ta ba Mama aikin kuma Litinin za ta buɗe. Mama ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa sama, rabin kowace fari, rabi baƙi. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi sati uku ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba, kuma ita ce ta tsaya wa Alhaji. Direban ya ce shi ba ya karatu, maganar mutum ita ce takardarsa, yanzu takardar ta yage, Alhaji ya nemi wata motar. Mutane sun taru. Na jira Baba ya juyo ya nuna ni. Ko kallona bai yi ba. Ya cire hularsa ya ce laifinsa ne, shi ya ce busasshe ne, a yi haƙuri.

Ya sayi sabon yadi, amma makarantar ba ta jira ba, ta ba wani telan. Mu kuma muka koma motar fasinja. Na ga Baba yana wargaza inji gunduwa-gunduwa don ya shiga kwali, yana roƙon 'yan kamasho a tasha su sa masa ƙarƙashin kujera. Wasu makanikan suka ce kayansa sun yi tsada suka koma wurin wasu. Mama tana amsa gaisuwarsa, amma ta daina leƙowa da ƙosai da safe. Ni kuwa duk ranar da na goge farin hijabina sai in ji abinci ya fita raina.

Sai da na yi kusan wata kafin na faɗa wa Baba, a shago, ina kallon ƙasa. Ya ce ya sani tun ranar Larabar da yamma, da ya zo shara ya ga gwangwanin ƙaf babu mai, ya kira direban bai same shi ba. Ya ce barin aikin yarinta ce, amma gyaɗa kan nan shi ya tsaya masa a rai, da kuma kunyar da na ji ta man da ya saya mini hijabin. Sannan ya ce in tashi mu je wurin Mama, da bakina zan faɗa. Na faɗa mata. Ta ce ashe ina da murya, sai dai kazar ba za ta yanku yau ba. Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin teburinta ta miƙo mini. Rigunan ne, ta yayyanka su. Ta ce in je in riƙa toshe inji da su, kada su tashi a banza.

Yanzu ina ajin ƙarshe, kuma har yau direban bai mayar da Baba cikin haɗakar ba. Da tsumman nan nake aiki, wani da aljihu, wani da ƙaramin maɓalli a jikinsa. 'Yan ajinmu sun daɗe da ganina a tsugune gaban inji, sun yi dariyar kwana biyu sun manta. Abin da na guda ke nan. 'Yan uwana masu kunya irina, na ɗauka shiruna ba ya cutar da kowa, har yabona ake yi da shi. Idan an tambaye ki an gama, alhali ba a gama ba, ki buɗe baki ki ce a'a ko da muryarki za ta yi rawa. Da na faɗi haka, minti goma kawai mai adaidaita zai jira.