Ƙahon Akuya a Garkar Kawu

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Maradi, na dawo hutu Madarumfa na tarar ɓarayi sun sa garkar kawuna gaba. Garkar tana bakin tabki, salati da tumatir da shu, wato kabeji. Kawun nan shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, kuma tun ina yaro maganarsa guda ce: ɗan Adam dabba ne, tsoron wuta kaɗai ke riƙe hannunsa.

Ni kuwa kaina cike da darasin filozofi, wato falsafa, na ce masa, "Kawu, malaminmu ya ce alherin da aka yi don tsoro ba alheri ba ne."

Ya dube ni ya ce, "Malamin naka yana da garka?"

Abin da ke cin ransa shi ne maƙwabcinsa na gona, wani tsoho mai bin addinin kakanni, bai taɓa kai goshi ƙasa ba. Garkarsa ko shinge babu. Sanda kawai ya kafa a tsakiya, ya rataya ƙahon akuya da jan ƙyalle, amma ko ganye ba a taɓa tsinkar masa ba. Garkar liman kuwa, mai shingen ƙaya, kullum sai an wayi gari da sawun mutane a cikin fangali.

Kawu ya yi wa'azi a kan sata bayan la'asar. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani har da share ido. Washegari aka kwashe shu.

Da hantsi ya ce in raka shi wurin tsohon. Bayan doguwar gaisuwa, ya kawar da kai ya tambayi abin da ke cikin ƙahon.

"Ba komai, Malam. Akuyar ma mun cinye ta da daɗewa."

"To me suke tsoro?"

"Kai ka gaya musu sai bayan mutuwa za a yi hisabi, kuma Mai hisabin yana yafewa. Ƙahon nan sun ɗauka kafin la'asar ciki zai kumbura, kuma ba a roƙonsa."

Na tsoma baki na ce, "Baba, kai da ka san ba komai, me ya hana ka taɓa na wani?"

Ya ce shi dai ya ga wahalar da Malam ke sha da jan ruwa, abin ba zai haɗiyu ba. Kawu bai ji daɗin wannan amsa ba.

Ya karɓi ƙaho guda ya ɓoye a aljihu, ya kafa shi bayan rijiya. Sata ta tsaya cak. Sai dai ba a yi nisa ba tawaga ta zo gida, dattawan sahun gaba, fuska a ɗaure. Suka ce ba za su bi limamin da ke shirka ba. Babu wanda ya tambaye su yadda aka yi suka ga abin da ke bayan rijiya, cikin shingen ƙaya.

Kawu ya tuba a bainar jama'a, ya jefa ƙahon a tabki, aka mayar masa da limancinsa. Ranar Juma'a ɗaya daga cikin dattawan nan, wanda bai taɓa sayen komai wurin Kawu ba, ya riƙe hannunsa a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, a ƙara taki. Tumatirin bana akwai tsami."