Bututun da Aradu Ta Matse

Cikin duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina koyarwa a wajen Kibiya, maganar bututun nan ce ba za ta taɓa barin raina ba.

Lokacin ina sabon malamin kimiyya, boko na fizgata, ji nake kamar ni na ƙago lantarki. Ni na matsa har aka kafa bututun jan ƙarfe a saman tankin ruwan makaranta don maganin aradu. Wata Asabar da la'asar aka tafka ruwa. Ran Litinin muka tarar bututun ya matse, ya yi gaɓa-gaɓa kamar rake, wasu wuraren har da tabon narkewa.

Maigadinmu dattijo ne, mutumin Fammar, da aikin nan yake ciyar da gidansa. A gaban shugaban makaranta na ce shi ya dandatse bututun zai sayar wa 'yan gwangwan.

Ya ce, "Malam, aradu ce. Ina fake a baranda, a kan idona ta sauka."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, aradu fasa abu take yi, ba ta matse shi." Da yake ni ne mai takarda, maganata aka ɗauka. Aka sallame shi, ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa ya tafi.

Bayan shekaru na koma ƙaro karatu a Kano. Rannan malaminmu yana bayanin filasma, wato iskar da ta yi zafi har lantarki ke ratsa ta. Ya ce in wutar lantarki mai ƙarfi ta bi ta ciki, maganaɗisun da ta haifar yakan shaƙe ta. Inda ya ɗan fi siranta nan shaƙar ta fi tsanani, sai wurin ya ƙara tsukewa, ya ɗauki zafin da ya fi na ko'ina. Don mu gane, ya nuna mana hoton wani bututu da aradu ta matse. Wallahi kamar namu aka ɗauko. Kunya ta hana ni ɗaga kai har aka tashi.

Ƙarshen makon na hau mota zuwa Fammar. Na sami maigadin nan a gona yana cirar gyaɗa, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na faɗa masa komai, na nemi gafara. Ya jima yana kaɗe ƙasa daga gyaɗar hannunsa.

"Na yafe tuntuni, Malam," in ji shi. "Amma ashe sai da ka gani a hoto? Ni ai da idona na gani."

Tun daga ranar, in wanda yake wurin ya faɗi abin da ya gani, nakan kama bakina, ko da babu shi a littafina.