Kwana Uku Ba Ta Sha Ruwa Ba

Ina shekara ta biyu da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe aka kawo tsohuwar. Ni ba nas ba ce, balle likita, ko da yake mutanen ƙauye duk wanda suka gani da rigar asibiti likita suke ce masa. Nawa aikin taimako ne: in yi wa maras lafiya wanka, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo, in ba shi abinci a baki, in kai fo, wato tasar fitsari, in ɗauke. Mu biyu ne a ɗakin mata. Ni ke da safe zuwa la'asar, abokiyar aikina ta karɓa, gadaje kuwa sun fi ƙarfin hannuwanmu.

A kan babur aka zo da ita daga wani ƙauye gaba da Fakku, tsakiyar damina, an sa ta tsakiya wani dattijo ya riƙe ta ta baya, dukansu laka har gwiwa. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Hannu da ƙafa sun saki, baki ya ɗan karkace, muryar ta yi ƙasa, amma hankalinta garau yake. Dattijon ɗanta ne, manomi, gemunsa duk furfura. Na tambaye shi ina macen da za ta zauna jinya. Ya ce matarsa na jego, ƙanwarsa na aure can ƙetaren rafi, rafin kuma ya cika. Shi kaɗai ne.

Ranar farko ta sha kunu a hannuna, har ta ce a ƙara. Washegari na kawo mata ruwa, ta datse baki. Na kawo fura mai nono, ta kau da kai. Na dama koko da kaina na zuba sukari, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Inna, mi ka yi miki ciwo?"

"Babu komi, ɗiyata. Da sauƙi."

"To ki sha ruwa mana."

"Ba ni jin ƙishi."

Ba ta jin ƙishi, leɓenta kuwa ya tsattsage, harshe ya bushe ƙamas! Nas ta sa mata ƙarin ruwa, tsohuwa ta bari muka juya baya ta sa hannun hagu ta fizge allurar. Aka sake sawa, ta sake fizgewa. A kwana na biyu nas ta ja ni gefe ta ce mini in aka ci gaba a haka ƙoda za ta tsaya, ba hawan jinin ne zai kashe matar nan ba, ƙishirwa ce.

Ni dai Allah Ya yi ni da saurin baki, da saurin yanke hukunci, mahaifiyata ta yi faɗan har ta gaji. Na lura duk lokacin da ɗan ya shigo, tsohuwar sai ta juya fuska bango ta ja mayafi. Ya gaishe ta, ta amsa can ciki kamar da wani take. Ba ta kiransa, ba ta aikensa. Shi kuma sai ya koma bakin ƙofa ya zauna kan tabarma yana jan carbi. Na ce shi ke nan, na gano. Na sha ganin tsofaffin da 'ya'ya suka wulaƙanta, sai ciwo ya zo a kwaso su a kawo mana don idon mutane. Na fita na same shi, ga masu jinya zaune a baranda, ban ko rage murya ba.

"Malam, kai mi kay yi ma tsohuwag ga? Uwa ba ta ƙin ruwa haka banza. In wani abu kay yi mata, tashi ka durƙusa ka roƙi gafara tun tana da rai. Haba! Kai da furfura a gemu!"

Mutumin nan ya kusa haihuwata. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, likita. In na yi mata laifi, Allah Ya sani ban san shi ba." Sai ya tashi, ya cire takalmi, ya shiga ya durƙusa gaban gadon, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Tsohuwar ta rufe fuska gaba ɗaya, mayafin yana rawa, kuka take yi. Ni kuwa ina tsaye ina gyaɗa kai, wai na kama mai laifi. Yau in na tuna da tsayuwar nan tawa, kunya ke rufe ni.

Safiyar kwana na uku na ja labule zan yi mata wanka. Na gaji da lallami, na gaji da faɗa, saboda haka a ranar bakina ya mutu. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi ina goge mata wuya, da hammata, da tafin hannun da ya mutu, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na shafa mata man kaɗe a baya. Shirun da na yi shi ya ba ta wuri. Can na ji ta motsa baki, na kai kunne.

"Wancan na bakin ƙofa, ya karya kumallo?"

"Wa, Inna? Ɗanki?"

Ba ta amsa wannan ba. Ta ce, "Jiya kin yi mishi faɗa. Bai yi min komi ba. Tun da Allah Ya yi shi bai taɓa ɓata min rai ba."

"To mi yah hana ki duban shi?"

"Na fari na."

Na tsaya da tawul a hannu. Ɗan fari! Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. A gidanmu a Tambuwal mahaifiyata ba ta faɗin sunan babban yayanmu, mu kuwa muna yi mata tsiya muna dariya. Ni nawa ɗan farin sunansa nake kira gatsau har maƙwabta su ji. Ashe a wurin wannan baiwar Allah abin yana nan da ƙarfinsa. Ta ce tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ita ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, in tana da magana sai ta aika.

Amma duk wannan bai gaya mini dalilin ƙin ruwa ba. Tambayar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta, na ci gaba da shafa mai. Sai da na kai ƙafa sannan ta ƙarasa.

Ranar da aka kawo ta, bayan kunun da na ba ta na tashi aiki, fitsari ya matse ta. Abokiyar aikina na ɗakin haihuwa. Tsohuwar ta yi kira, muryar ba ta kai ƙofa ba. Ta riƙe, ta riƙe, abu ya ƙwace. Ɗan nata ne ya shigo ya gani. Ya ɗaga ta, ya sauya mata zane, ya goge ta, ya je ya wanke ya shanya.

"Ya ga abin da bai kamata shi gani ba," in ji ta. "In ban sha ba, ɗiyata, fitsari ba shi fita."

Wallahi sai da na zauna a bakin gadon. Kwana uku ina ce mata ta sha, ina tambayar inda ke ciwo, ban taɓa tambayar abin da take tsoro ba. Ga ƙishi yana cin ta, ta zaɓe shi a kan ɗanta ya sake ɗaga mata zane. Tausayinta ya kama ni, da haushin kaina.

Na ce, "Inna, saurara. Daga yau, duk aka yi kiran salla zan zo da fo, ko kin nema ko ba ki nema ba. Zan ja labule, shi kuma in tura shi gindin dogonyaro. In ya matse ki tsakani, ga wannan." Na ajiye murfin kwano da cokali kusa da hannunta na hagu, na nuna mata yadda za ta ƙwanƙwasa. Ta gwada, ƙarar ta cika ɗakin, har matar gado na gaba ta zabura.

Ta dube ni ta ce, "In kin tashi aiki fa?"

Gaskiyarta. Na ce to mu jira. Ranar ban tafi gida da la'asar ba sai da abokiyar aikina ta zo. Na kai ta bayan labule na raɗa mata komai, ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar ta ɗauki alkawari da bakinta, ta ce ko tana ɗakin haihuwa, in ta ji murfin kwano za ta turo mace. Tsohuwar ta dube mu. Sannan ta lashi leɓe ta ce, "To, a kawo."

Kafin in ɗebo ruwan na bi ta baranda. A inda na yi masa tsawa, gaban mutanen da suka ji, nan na rusuna na ce, "Malam, jiya na yi maka rashin kunya, ba ka da laifi ko ɗaya. Ka yafe mini." Ban gaya masa dalili ba, don ba sirrina ba ne. Ya ce, "Babu komi, likita, ai don ita kiy yi. Ta sha?" Na ce yanzu za ta sha, in sha Allahu.

Mai irin wannan ciwo ba a ba shi ruwa a kwance, sai ya shaƙe. Na hau gadon na zauna bayanta, na jingina ta a ƙirjina, hannu ɗaya ya zagaye ta, ɗayan ya tallabe haɓa. Abokiyar aikina ta ɗauki kofi da cokali ke nan aka ƙwala mata kira daga ɗakin haihuwa. Ta dire kofin kan durowa ta ruga. Ga ruwa, ga tsohuwa ta buɗe baki, ni kuma in na saki hannu ɗaya za ta zame. Na duba ɗakin, duk marasa lafiya ne. Ɗan nata kaɗai ke tsaye bakin ƙofa yana leƙe.

Na raɗa mata a kunne, "Inna, ruwa kawai zai ba ki. Jikinki a rufe yake ruf. In kira shi?"

Na ji bayanta ya ƙage a ƙirjina. Ban matsa mata ba. Can ta runtse ido, ta gyaɗa kai kaɗan.

Ya zo ya durƙusa. Hannun da ya saba da fartanya ya kama ɗan cokali, rabin ruwan farko a wuyanta ya zube. Na biyu ya shiga. Na ji maƙoshinta ya motsa a tafin hannuna. Na uku, na huɗu, ta riƙa miƙo baki tun cokalin bai iso ba, idonta a rufe, shi kuma hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Sai da kofin ya ƙare ta sauke numfashi.

Tana jingine a jikina, shi yana gabanta ko kamu biyu babu tsakaninsu, ta ce da ni, "Ɗiyata, ki ce mishi Allah Shi yi mishi albarka."

Ya ji, ni ma na san ya ji. Amma ni aka aika. Na dube shi na ce, "Malam, ta ce Allah Shi yi maka albarka."

Ya ajiye cokalin a cikin kofin. Sannan ya ce, "Likita, ki ce mata amin. Ki tambaye ta, in ƙaro?"