Fil Ɗaya Da Ya Hana Jirgi Tashi

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan manta da Juma'ar nan da 'yata ta kunyata ni a Doha ba. Ba zagina ta yi ba, ko murya ba ta ɗaga mini ba. Fil ɗin gashi guda ɗaya ne ya jawo komai, irin wanda mata ke maƙale gashi da shi, wanda ko ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ba.

Ni mai gyaran janareta ne a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, uwarta kuma nas ce, muna zaune a wani ɗan gida wajen Gharrafa. Ina sakandare a Kaduna na yi kadet na sojan sama, kuma duk wanda ya zauna da ni minti goma sai ya sha labarin. A zamaninmu da dorina saja yake yawo. Maɓalli ɗaya ya tsinke maka, tsallen kwaɗo ne har ƙafa ta ƙi ɗaukarka. To da yarinyar nan ta shiga kadet a makarantarsu, sai na samu abin tsokana. Ba duka, ba birgima a taɓo, in sun gaji ma har ruwan sanyi ake miƙa musu! Nakan ce mata, "Ku wasan yara kuke yi. Mu ne muka ga horo." Sai ta yi murmushi ta ce, "To, Baba."

Da korona ta zo aka rufe Sanaiya, na koma zaman gida, uwarta kuma kusan a asibiti take kwana. Faretinsu ya koma ta waya. Duk ranar fareti yarinyar nan za ta yi wa kakinta guga, ta goge takalmi har ka ga fuskarka a ciki, ta tufke gashi da fil huɗu, kullum huɗu, ta ɗora hula, sannan ta ƙame a falo gaban kyamarar da iyakarta ƙirji. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Ke, wa zai ga takalmin nan? In ni ne da silifa da gajeren wando zan tsaya." Ta ce, "Ni zan gani, Baba." Na yi dariya har da ƙwalla. Ban lura cewa asirin kaina na tona ba.

Shekara biyu tana haka. Ana saura kwanaki a fara ƙwallon duniya, gari ya cika da tutoci, ka shiga jirgin ƙasa na metro a tashar Mushairib ba wurin ajiye ƙafa, sai malaminsu, wani tsohon matuƙin jirgi Bature, ya zaɓi yara huɗu da suka fi ƙwazo zai ɗauke su a ƙaramin jirgi, kowa ya riƙe sitiyari da hannunsa a sama. Sunanta ne na farko. Ya gaya musu wannan Juma'ar ce ta ƙarshe, don da an fara ƙwallo ba za su sake samun damar tashi ba, ita kuma a shekarar za ta gama ta koma Najeriya karatu. Tun tana ƙarama wannan take mafarki. Ranar har coci muka fasa zuwa, don a can ranar Juma'a muke zuwa coci.

Da sassafe muka isa ɗan filin jirgin, can bayan gari. Aka fara shigar da su ɗaya bayan ɗaya, jirgin yana tsaye a ƙasa, ana nuna musu yadda ake ɗaura bel da yadda ake fita in wani abu ya faru. Bayan nan aka ce ta shirya. Dokarsu ita ce duk wani ƙaramin abu da ke jikinka sai ka zube shi a faranti kafin ka tashi, don kada ya faɗa ya maƙale a wurin da bai kamata ba. Ina tsaye kusa da ita da wayata, ina jiran ɗaukar hoto. Ta cire hula, ta fara zare fil. Ɗaya, biyu, uku. Ta shafa kai. Ta sake shafawa. Na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce a hankali, "Baba, ɗaya babu. Kuma na shiga jirgin ɗazu."

Abin da ya fito daga bakina har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse. Na matsa na raɗa mata da Hausa, tunda a zatona ba mai jinmu, na ce, "Yi shiru. Ki ce uku kika sa. Wa ya ƙirga miki? Fil ne fa, ba guduma ba." Ni, mai wa'azin horo!

Ta dube ni, idonta ya ciko. Ta mayar da hularta, ta taka zuwa gaban malamin, ta ƙame, ta sara masa, ta faɗa masa da muryar da kowa ya ji cewa fil huɗu ta sa, uku ta samu, kuma ba za ta iya rantsewa cewa ɗayan ba ya cikin jirgi ba.

Na jira tsawa. A zamaninmu da tuni mari ya sauka. Dattijon nan ya dube ta, sannan ya haɗa ƙafa ya sara mata. Mutumin da ya shekara da shekaru a sama, ya sara wa 'yar shekara sha bakwai! Tsigar jikina ta tashi. Ya juya ya ce jirgi ba zai motsa ba sai an ga fil.

Sauran yara ukun, da ita ta jawo musu, ba wanda ya yi tsaki. Ba wanda ya umarce su, suka jera kafaɗa da kafaɗa tare da ita, suka fara taka filin sannu a hankali, ido a ƙasa, daga ƙofar ofis har gindin jirgi, su juyo, su sake. Rana ta ɗaga suna yi. Makanikin jirgin kuma ya ɗauko kayan aiki zai kwance kujeru. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya tsaya ya ce da Hausarsa ta Zango, "Maigida, sannu da ƙoƙari. Na ji shawarar da ka bayar." Ashe mutumin Kumasi ne. Kai! Na rasa inda zan sa fuskata.

Wajen sha ɗaya malamin ya ce khalas, wato shi ke nan, yau ba tashi, lokacin da aka ba su ya wuce. Ta bi abokanta ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Sai da muka zo mota ta saki kukan da take riƙewa. Na buɗe mata ƙofa, na kai hannu zan share kujerar, sai na ji abu ya soke ni a yatsa. Ga shi nan a maƙale a ɗinkin kujera. Tun a hanya ya zame, ko kusa da jirgin bai je ba.

Haushi ya kama ni, na ce, "Kin gani? A banza!" Kuma don rashin kunya irin tawa na ƙara da cewa, "Jefar da shi. In suka ji a motarmu yake, za su ce ke kika ɓata musu rana ba gaira ba dalili."

Ta share hawaye ta karɓi fil ɗin daga hannuna. "Baba, bawan Allah nan yana can yana kwance jirgi a rana. In ban faɗa ba, har gobe nema zai yi." Ta gyara hula ta koma ciki da ƙafarta, fil a tafin hannu.

Ina zaune a mota ni kaɗai, sai wani abu da na binne shekara talatin ya taso. Muna aji huɗu na ɓatar da bajon hulata ana gobe duba kaya. Na lallaɓa na cire na wani yaro, na manna a tawa. Shi aka zane a gabanmu, yana ihu yana rantsuwa, ni kuma ina ƙame a layi, saja har yaba tsaftata ya yi. Wannan ne horon da nake ta yi mata alfahari da shi. Da ta dawo na ba ta labarin, karo na farko da wani ya ji shi daga bakina, na kuma ce ta yafe mini abin da na raɗa mata. Ta ce, "Ba komai, Baba. Yalla, mu je gida, yunwa nake ji."

Har ta bar Qatar ba ta tashi a jirgin nan ba. Ƙwallon duniya ta zo ta wuce, na ga taron da ban taɓa gani ba, amma ba abin da ya girgiza ni kamar yaran nan huɗu suna taka fili a rana suna neman fil. Na roƙe ta ta bar mini shi, yana cikin akwatin kayan aikina har yau. Abin da na koya shi ne dorina ta koya mana tsoron a kama mu, shi ya sa muka ƙware a ɓoye laifi. Horo na gaskiya shi ne ka faɗi abin da ba wanda ya gani, ko da kai zai ci. Tun daga ranar ban sake buɗe baki na ce da wani yaro "mu a zamaninmu" ba.