Kafin Iddata ta Cika

A bayan fostarsa ya rubuta min takardar sakin. Irin ƙananan nan da suka yi saura bayan zaɓe, waɗanda nake shimfiɗawa a ƙasan kwando in zan jera kwanuka. Layi biyu ne kacal: ya sake ni saki ɗaya, sai sa hannu. Da na juya takardar sai ga shi yana yi min murmushi, hula a karkace, an rubuta a ƙasa wai shi mai tausayin talakawa ne. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki ke nan. Mijina yadi yake sayarwa a kasuwa, sai abokai suka zuga shi ya fito takarar kansila. Shekararmu shida da aure, ɓari biyu na yi, ban samu mai rai ba, kuma ina son sa irin son da mace ke jin kunyar faɗa. Shi ya sa da gidanmu na wajen Ƙofar Mazugal ya koma gidan abincin 'yan siyasa ban ce uffan ba. Wata da watanni ina kan kujera 'yar tsugunno a gaban murhu, daga shinkafa sai taliya, ina ɗanɗana kowace miya, ina korawa da lemon kwalba saboda zafin wuta. Jikina ya buɗe, ƙafafuna suka kumbura, kai ya riƙa sara min. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai na tsaya na mai da numfashi.

Ya ci zaɓen. Wata rana matan manyan jam'iyyarsu suka zo yi min murna, na raka su, ban kai zaure ba na nemi bakin rijiya na zauna. Da suka tafi ya shigo yana huci.

"Ke yanzu ko rakiyar baƙi ba kya iya yi? Dubi yadda kika koma! Matar kansila ce wannan?"

Ni ma da bakina. Na ce masa a gaban tukunyar da ta kai shi kujerar na koma haka, in yana neman wadda ba ta kumbura ba ya je ya auri fostarsa. Ina jin a nan ya samo dabarar takarda.

Na koma gidan Baba a Mandawari. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ƙanwar Baba ce riƙe da gidan, kuma ita ke koyar da matan unguwa karatu bayan azahar. Ba zan ɓoye ba, makonnin farko jira kawai nake. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi, in ce ga 'yan biko nan sun zo. In ba su ba ne sai in koma in kwanta in yi kuka, in tashi in ci tuwo malmala biyu. Da ya turo ko da tsohon takalminsa ne a lokacin, da na bi shi.

Wadda ta warkar da ni yayarsa ce, Allah ya saka mata, ko da yake ba niyyarta ke nan ba. Ta zo dubiya wata Lahadi bayan la'asar, ta same ni a kwance. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Ki kwantar da hankalinki, matar ƙanina. Ya ce hutu ya ba ki. In kin yi laushi zai aiko a ɗauke ki. Ya ce ai ba sauri yake ba, ina za ki? Wa zai kwashi wannan jiki ga ciwo?"

Na ce, "Haka ya ce, Yaya?"

"Wallahi a gabana, da abokansa a zaune."

Da abokansa a zaune. Mutanen da suka cinye min shinkafa buhu-buhu, su ne aka zauna da su ana auna jikina. Ban yi kuka ba ranar. Son da nake masa bai tafi ko'ina ba, juyewa ya yi, kamar nonon da ya kwana a rana. Na rantse a raina sai ya gan ni ya yi da-na-sani, sai ya roƙa na ce a'a.

Washegari na sa Gwaggo ta raka ni ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Nas ɗin ta ɗaura min abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce jinina ya hau, hawan da bai dace da shekaruna ba. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce amma rabin maganin yana cikin tukunyata da ƙafafuna. In rage gishiri da dunƙulen miya, in bar lemon kwalba da shayi mai kauri, in ci ganye, in motsa jiki. Tana magana a kan lafiya, ni kuwa fuskarsa nake hangowa.

Mai idda ba ta yawo, don haka tsakar gidan Baba ya zama filina. Na karɓe jan ruwa daga rijiya, guga ashirin kafin rana ta yi zafi, har randunan maƙwabta nake cikawa in namu sun cika. Na hana a kai gero inji, na ce ni zan daka. Ranar farko taɓarya ta kusa kayar da ni, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na ɗaure da tsumma na ci gaba, duk dukan da zan kai wa turmi da sunan wani nake kai shi. Yau shi, gobe yayarsa, jibi abokinsa mai ƙaton ciki da ke neman ƙarin nama. Miyata daban nake yi, daddawa da zogale ko rama, gishiri ɗan kaɗan. Ba daɗi, ƙarya ne in ce da daɗi. Sai in tuna "wa zai kwasa", in lashe kwanon tas. Lemo kuwa har mafarkinsa na yi. In ƙishin ya taso sai in jiƙa tsamiya ba sukari, in sha ina yamutsa fuska.

Cikin wata guda da 'yan kwanaki zobena ya fara juyawa a yatsa. Kumburin ƙafa ya saɓe, ciwon kai ya yi sauƙi, ina barci kamar an sace ni. Wata safiya na ɗaura zani sai da na ƙara masa zagaye. Na tsaya gaban madubin Gwaggo ina juyi, na ce mata gobe zan sa a ɗinka min sabuwar atamfa, kuma sai na bi ta gaban rumfarsa a kasuwa ko da sau ɗaya ne.

Gwaggo ta ajiye carbinta.

"Zo nan, 'yar nan. Jini nawa kika gani tun da ya sake ki?"

"Biyu, Gwaggo."

"To saki ɗaya ya yi miki. Har yanzu igiyarki na hannunsa. Kafin ki ga na uku, in ya buɗe baki ya ce ya mayar da ke, ya mayar, ko kina so ko ba kya so. Ba sai ya zo nan ba, ko a rumfarsa ya faɗa ya zauna. Ki je ki yi masa kwalliyar, ki ga wa zai ci ribar dakanki."

Ashe duk wahalar da nake sha, gyara masa kaya nake yi a kyauta. Kalma ɗaya zai furta, in koma gaban murhun nan, a ce maigida ya yi haƙuri ya yafe. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in ga jini na uku kafin ya san na warke.

Haka muka shiga ɓoyon lafiya, yadda wasu ke ɓoyon ciwo. Yayarsa ba ta fashin Lahadi bayan la'asar, ta zo ta gano masa ko na yi laushin. Tun azahar nake shiri. In sa riga biyu, in ɗora zani a kan zani, in shafe goshi da man zafi, in ɗaure kai da kallabi, in ja bargo a tsakiyar bazara. Gumi na tsiyaya, ina nishi ƙasa-ƙasa. Gwaggo ba ta ƙarya, don haka in aka tambaye ta ya mai jiki sai ta ce, "Ga ta nan dai kina gani." Yaya ta zauna ta ba ni labarin shaddar da aka ɗinka masa ta rantsuwa, da motar da yake ciniki, ta tafi ranta fes. Tana fita nake wurgi da bargon in yi dariya har da riƙe ciki.

Sai jinin ya ƙi zuwa. Lokacinsa ya yi, ya wuce da kwana biyar, ya wuce da goma. Na koma wurin nas ɗin a rikice, ta ce ba ciki ba ne, jiki ne ya ga canji, in yi haƙuri zai daidaita. Ka ji abin haushi, lafiyar da na nema don in ƙuntata masa ita ta tsawaita masa wa'adi. Na ce wa Gwaggo mu ce ya zo kawai, wa zai duba? Ta yi min wani kallo, ta ce an bar wa mace amanar iddarta ne don ana zaton tana tsoron Allah, kada in sake kawo mata wannan magana. Ban sake ba, amma na kwana biyu ina jin haushinta.

Ranar wata Litinin da hantsi ina daka, jikina na min daɗi, har na manta da kaina. Ina cilla taɓarya sama, in tafa sau biyu, in cafe. Ƙarar turmi ta hana ni jin sallama. Na cilla, na tafa, na cafe, na ɗaga ido, sai ga Yaya tsaye a bakin ƙofar tsakar gida da ledar lemon zaƙi a hannu, baki buɗe. Daga ni sai zani ɗaya da 'yar shimi. Ba bargo, ba man zafi.

"Ikon Allah," ta ce. "Jiya-jiya fa na bar ki kina nishi."

Ko zama ba ta yi ba. Talata da safe saƙo ya iso wa Baba: Honarabul zai zo ranar Juma'a bayan an sauko, shi da kawunsa da wani amininsa, a kan maganar iyalinsa.

Kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su, in ka cire mutum ɗaya. Kowace sa'a ina tunanin ko ya riga ya furta a can. Abin da kawai na riƙe shi ne na san halin mijina. A makon aka rantsar da su, motar ta iso, kuma mutum ne da ko sadaka zai yi sai ya jira layi ya cika. Ba zai ɓata maganar mayar da ni a rumfa ba inda ba mai gani. Na yi ta shiga banɗaki ina fitowa har Gwaggo ta ce zan ƙarar da ruwan buta. Laraba shiru. Alhamis shiru. Na daka geron da ya ishi gidan mako biyu.

Juma'a da hantsi ina jan ruwa, guga na bakwai, na ji marata ta murɗa. Na saki igiyar, gugan ya koma rijiya, ban ko waiwaya ba. Da na fito daga banɗaki na tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, na gyaɗa mata kai, jini na uku ya zo. Ta ce alhamdu lillahi, ta yafa mayafi ta nufi ɗakin Baba kafin ya fita masallaci.

Motar ba ta iya shiga lungunmu ba, a bakin titi ya bar ta, amma sai da ya danna hon duk unguwa ta ji. Ina laɓe a bayan ƙofar zaure aka gaisa. Kawunsa ya yi doguwar shimfiɗa a kan haƙuri da zaman tare, sannan shi ya gyara murya ya ce ya mayar da matarsa.

Baba ya ce, "Madalla. Amma in tambaye ka, kafin yau ka taɓa furta haka, ko a gaban wani, ko kai kaɗai?"

"A'a, Baba. Ai na bari ne sai a gabanka, saboda girmamawa."

"Kun ji ko?" Baba ya ce da sauran biyun. Suka ce sun ji. "To iddarta ta cika. Yanzu ba matarka ba ce. In kana so sai ka nema sabo, kamar kowa, in ta yarda."

A lokacin na yi sallama na shiga da tiren ruwa. Sabuwar atamfar ce a jikina, mayafi a kafaɗa, na durƙusa na ajiye, na miƙe ba tare da na dafa komai ba. Ya bi ni da ido tun daga ƙofa, ya manta da akwai surukinsa a wurin. Shaddar ta yi masa kyau, ba zan hana shi wannan ba. Zuciyata ma sai da ta motsa, na danne ta.

"Yaushe?" ya ce.

"Yau da hantsi, ranka ya daɗe. Da ka faɗa ranar Litinin, da yanzu ina gidanka ina ɗora sanwa."

Kawun ya sunkuyar da kai. Aminin ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, kin ji abin da na faɗa masa. Me kika ce?"

Wata uku ana magana a kaina, a rumfa da zaure da majalisa, ranar ce farkon da aka tsaya ana jiran bakina. Na bar su suka jira kaɗan.

"Baba, a faɗa wa Yaya ta buɗe ɗakin gobe da safe. Za a zo kwashe kayana."

Gado nawa ne, katifa tawa, labule, kujeru, tukwane, har tabarmar da yake shimfiɗa wa 'yan siyasarsa a ƙofar gida, duk daga gidan Baba aka kai su. Ya san haka. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi kawunsa, kawun bai ɗago ba. Na durƙusa na ɗauke tirena, ba wanda ya taɓa ruwan.