Yawon Duniyar Auta

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ina jin ranar da 'yar autata ta buɗe baki ta faɗi kalmomi biyu a gaban baƙuwa ita ce za ta rage min ta ƙarshe. Ba zan taɓa mantawa da ita ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ga takalmin hawan dutse a shago sai in yi dariya ni kaɗai.

Lokacin muna zaune a unguwar Deira ta Dubai, a hawa na huɗu, saman wani shagon sari na turare. Jirgin ƙasan nan na cikin gari, metro, bai daɗe da isowa unguwarmu ba. Maigidana yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya, kullum yana can ɗakunan ajiyar kaya na Al Quoz, ni kuma ina gida. 'Ya'yanmu biyu ne, namiji babba, sai autar. Tana ƙarama muka zo da ita daga Kano, don haka Larabci da Turanci sun fi zama a bakinta. Hausarta ta cikin gida ce, ta "miƙo min ludayi" da "sannu da aiki". Tana jin komai, amma ba ta san inda kalmomi suke da ƙaya ba.

Sai na faɗa muku wani abu game da ƙafafunta kafin ku gane sauran. Da su a murɗe aka haife ta, tafin yana kallon ciki. An yi aiki, an sa filasta, an cire, an sake sawa, aka koma takalmin ƙarfe. Sa'anninta suna guje-guje a tsakar gida ita tana bayana, har ta yi girman da ƙafafunta suke dukan cinyoyina in ina tafiya. Babu sujadar da na yi a shekarun nan ban ce, "Ya Allah ka ba yarinyar nan ƙafa, ko da za ta zagaye duniya da ita ne" ba. Haka nake faɗa, da waɗannan kalmomin. Ban san ana rubutawa ba.

Da ta shiga jami'a sai ta haɗu da wasu ɗalibai masu fita hawan duwatsu ranar Juma'a, can wajen Hatta. Daga nan abin ya shige ta. Aka wuce na yini ɗaya, aka koma na kwanaki a duwatsun Oman, har ta gano cewa akwai dogayen hanyoyin ƙafa a ƙasashe da yawa, waɗanda mutum zai kama daga wannan baki sai ya fita wancan, komai nasa a jakar baya. Da farko na ce sam. Babanta ya ce in dai yayanta zai bi ta, babu laifi, shi kuwa yayan dama neman dalilin fita yake. Haka suka yi wata hanya ta bakin teku a Turkiyya wani hutu, wani hutun kuma suka je duwatsun Nepal.

Takan dawo ta yi baƙi, ta rame, ƙafa duk bororo, amma bakinta ba ya rufuwa. Ina jiƙa mata ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri tana ba ni labari: yadda ake shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu don kada mutum ya ɓata, yadda wata tsohuwa a wani ƙauye ta ga hijabinta ta ja ta cikin gida ta cika ta da shayi da burodi, yadda suka yi taimama ranar da ruwan gorarsu ya kusa ƙarewa. Ina murza yatsun nan da na taɓa gani cikin filasta, ina cewa "Allah ya shirye ki", a zuciyata kuwa godiya nake yi.

Sai ga manemi ya fito. Yaron kirki ne, ɗan Kano, yana aikin kwamfuta a nan Dubai. Ya san da tafiye-tafiyen, har hotuna yake karɓa yana cewa ma sha Allah. Ita kuma tana son sa, wannan ban yi shakka ba, don duk sanda wayarta ta yi ƙara sai ta ƙone min albasa. Magana ta kai ga manya, saura a sa rana. Iyayensa suka ce gwaggonsa, wata Hajiya mai zuwa sarin abaya da takalma, za ta biyo ta ga yarinya, ta kawo ɗan abin gaisuwa.

Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, sai da na zaga kasuwa kafin na sami kabewa mai kyau. Hajiya ta zo bayan azahar da kwalin goro da alewa da turmin atamfa. Mace ce mai jiki da fara'a, mai zobba a kusan kowane yatsa. Ta ci ta yaba, ta ce tun da ta sauka shinkafar Indiyawa take ci har ta fara mafarkin miyar kuka. Auta ta zo ta durƙusa ta gaishe ta yadda na koya mata. Hajiya ta kama hannunta tana murmushi.

"Tubarkalla. To 'yata, in an yi hutun makaranta me kike yi? Ɗinki ko girki?"

Na ga Auta tana juya abin a kanta, tana neman Hausarsa. Sai ta ɗago da murna ta ce, "Yawon duniya nake tafiya, Hajiya."

Cokalin da ke hannuna ya faɗi.

"Yawon me?" in ji Hajiya.

"Yawon duniya. In ɗauki jakata in tafi. Duk inda rana ta faɗi, a nan zan kwana."

Hajiya ta saki hannunta kamar ta taɓa tukunya. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kuma a gaban uwarki kike faɗa?"

Ku da kuka tashi a gida kun san abin da ake nufi in an ce mace ta tafi yawon duniya. Ita ba ta sani ba. Ta juyo tana kallona, idanunta suna tambayata me ta yi. Na yi sauri na ce, "Hajiya, a yi mata uzuri, Hausar ce ba ta ishe ta ba. Tafiyar ƙafa take nufi, hawan duwatsu, kuma da yayanta take zuwa." Na ɗauko kwamfuta na nuna mata hotuna. Ga ta nan da hijabi har gwiwa da sanda a hannu, ga yayanta a gefe yana hura wuta, ga su suna salla a kan wani falalen dutse.

Hajiya ta kalla, ta kalla, numfashinta ya ɗan dawo. Har ta yi 'yar dariya ta ce yaran Dubai sai addu'a. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin. Ashe yanzu aka fara.

"Na ji, ba abin da na zata ba ne," in ji ta. "Amma Maman yara, bari in faɗa miki gaskiya. In na koma na ce matar ɗanmu a daji take kwana, ba wanda zai tsaya ya tambaye ni da wa. Sunan da ta kira abin da bakinta, shi mutane za su kira shi. Don haka khalas, daga yau an daina. In ta yarda, gobe in buga waya a sa rana."

Na ce, "Hajiya, kakata da ƙafa ta je Makka, ta Chadi da Sudan. Da ta dawo gari guda ya fito tarbarta, ba wanda ya ce ta yi yawo."

"Wannan ibada ce. Wannan kuwa me ake samu? Kaushi?" Sai idonta ya faɗa kan takalman Auta da ke bakin ƙofa, manya masu igiya, duk sun goge. "Waɗancan ne? Miƙo min su, 'yata. In wuce da su in ba masu shara, in san magana ta ƙare. Ni mai sayar da takalma ce, zan aiko miki da na amare, kala-kala."

Na leƙa ɗaki na kira maigida a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ina jin ƙarar motocin ɗaga kaya a bayansa. Ya ce, "Ki lallaɓa ta don Allah. Takalmi ne fa kawai. Kada mu ɓata wa yarinya aure a kan takalmi." Na kashe wayar.

Da na fito sai na tarar Auta ta miƙe. Ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Ta nufi ƙofa a hankali, ni kuma ina bayanta ina kallon tafiyarta. Har yau ƙafarta ta hagu tana ɗan shigowa ciki in ta taka, kaɗan ne, ba mai lura sai ni. Ta sunkuya ta ɗauki takalman da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ta juyo za ta kai wa Hajiya.

Ni mace ce mai gudun rigima. Ko mai kanti ya ba ni tumatir ruɓaɓɓe ba na iya komawa. Amma ranar ban san daga inda muryar ta fito ba.

"Ajiye su."

"Umma..."

"Na ce ki ajiye su inda kika ɗauke su."

Na juya wajen Hajiya. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ke babba ce, kuma baƙuwata ce. Amma ƙafar nan ba a kasuwa na saye ta ba. Roƙonta na yi. Shekaru ina goye da yarinyar nan ina kuka ina cewa Allah ya ba ta ƙafa ko da duniya za ta zagaye. Ya ba ta. Yanzu in ɗaure abin da Ya kwance don kada matan Kano su yi magana? Da wane ido zan sake ɗaga hannu in roƙe Shi? In mijinta ya aure ta suka zauna suka ga ya dace ta rage ko ta bari, wannan tsakaninsu ne. Amma ba za a karɓe takalminta a falona a ba masu shara kamar an kama ta da abin kunya ba. Ba ta yi abin kunya ba."

Hajiya ta gyara mayafi. "To ki jiƙa ta ki sha."

"In sha Allahu," na ce.

Ni da kaina na ɗauki kwalin goron da atamfar na raka ta har bakin lif mai sauka ƙasa. Na ce ta gaida gida. Ta karɓi kayanta ta shige.

Kada ku zaci daga nan aka yi ta tafa min. Yaron ya kira da yamma, ya ce shi ba shi da matsala, amma ba zai iya ja da gwaggonsa ba, Auta ta ba da takalman kawai a wuce wurin. Ta tambaye shi ko bayan biki zai bar ta ta koma. Ya ce a bar wa Allah. Maganar aure ta mutu a makon. Maigida ya yi kwanaki daga "sannu" sai "sai na dawo". A wajen wata walimar suna a Bur Dubai ina shiga mata suka yi tsit, na san labari ya riga ni, kuma ba tare da hotunan ba. Wanda ya fi min ciwo shi ne Auta. Ta rufe kanta a ɗaki, da na kai mata abinci ta ce, "Umma, ni fa na yarda in bayar. Ke kika hana." Na fito na zauna a kicin na yi kuka, ina tambayar kaina ko son zuciyata na bi. Takalman suna nan bakin ƙofa, ba mai taɓa su.

Wata Alhamis na sa mayafi na gangara kasuwa, na shiga shagon wani Bapakistane na ce ya ba ni takalmin hawan dutse daidai ƙafata. Ya dube ni ya dubi abayata ya ce na ɗana ne? Na ce nawa ne. Washegari da safe na ɗaura su a tsakiyar falo, na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Yalla, tashi. Ki taso yayanki. Yau ni ma yawon duniya za ni."

Ta buɗe ƙofa, ta kalli ƙafata, ta kalli fuskata. Dariya ta ƙwace mata tana hawaye.

Mun je Hatta. Ban yi nisa ba, gaskiya. Gwiwoyina suka yi ta ƙara, ina haki, tana riƙe da hannuna tana cewa, "Shwayya shwayya, a hankali, Umma, taka nan, kada ki taka can." Yarinyar da na goya ita ce take ja na sama. Da muka kai wani tudu na zauna na duba, duwatsu jajaye iya ganin ido, babu gini, babu hon, sai iska. Nan muka yi la'asar, yayanta ya ja mu. Da muka sallame ta jingina da kafaɗata ta ce, "Umma, wai da Hausa me ya kamata in ce?"

Na ce, "Tafiyar ƙafa ake cewa. Ki riƙe shi saboda baƙi."

Ta yi aure daga baya, amma wannan wani labari ne, kuma ba shi ya wanke ni ba. Ko da ba ta yi ba, ban yi nadama ba. Har yau akwai masu ce min Maman 'yar yawon duniya in na juya baya, wani lokacin ma a gabana cikin wasa, ni kuwa amsawa nake yi.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, kalmar da ta fito a karkace ana gyara ta a zama ɗaya, amma in ka bar tsoron bakin mutane ya karɓe wa ɗanka abin da Allah ya ba shi na halal, ba lallai ka iya mayar masa ba. Kuma in za ki roƙi Allah abu, ki shirya tsayawa a kansa ranar da Ya ba ki.