Ranar da Kaka Labo ya koma yaro

Duk wanda ya san Kaka Labo a Gangara ya san ba a yi masa magana sai an gaisa. Ko gobara ka zo faɗa masa, sai ka ba da labarin kwana da gajiya da iyali tukuna. Wata damina maƙwabcinsa Malam Sanda ya shigo da gudu yana haki.

"Labo! Shanu sun faɗa maka gonar wake!"

"Sanda, an gaisa?"

"Ka ji mutum! Na ce shanu!"

"Ina kwana? Yaya maiɗakin nan taka mai ciwon ƙafa, ta samu sauƙi?"

Kafin su kai kan tambayar jikoki, shanu sun ƙoshi sun yi gaba. Malam Sanda kamar ya yi kuka, shi ko Kaka ko a jikinsa. Wai wake baɗi ma yana tsirowa, ladabi ne in ya mutu shi ke nan. Kuma ku kun sani, ni ma na sani, rabin gonar nan cikin burtali take, hanyar shanun ce ya cinye da garma kaɗan-kaɗan.

To wannan tsohon na ɗauka na kai Gazawa, ni Zainabu jikanyarsa, wadda yake kira amarya. An zaɓe ni cikin wani shiri na koya wa matasa shugabanci, da samari da 'yammata daga ƙasashe daban-daban, aka ce kowane ɗan ƙasa ya zo da dattijo ɗaya daga garinsu. A ƙarshen horon kowane rukuni zai kai wata matsala gaban manyan gari. Rukuninmu ya zaɓi burtalin Gangara, aka kuma ce ni zan yi magana. Ban faɗa wa Kaka ba sai daga baya, don ina son raina.

Ranar farko madam mai koyarwa, 'yar Senegal, ta fito da ƙwallo. Wanda aka jefa wa ya faɗi sunansa a taƙaice, ya jefa wa wani. Ƙwallo na isa hannun Kaka ya tura shi cikin aljihun riga, ya miƙe ya fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye ina fassara, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya iso kan wani dogon saurayi ɗan Kanada mai suna Luk, nan take ya raɗa masa Lukman.

"Tambaye shi, yaya damina a wajensu? Gero ya yi?"

Na tambaya. Luk ya ce ba su noma gero.

"Dawa fa?"

Babu.

"Wayyo, bayin Allah! Shi ya sa ya rame. Ce masa in zai koma ya biyo in ba shi dami."

Madam ta nuna agogo, ta ce in roƙe shi ya gajarta. Ya ce, "Agogon nata ne, ranar ta Allah ce." Har aka kawo abincin rana ba a ga ƙwallon nan ba, kuma in gaya muku gaskiya, a gidanmu ya ƙare.

Da aka raba baƙi gidajen mutane a ƙauyuka, Lukman ya faɗo gidanmu a Gangara. Da safe ya tunkaro Kaka a tsaye ƙiƙam, ya miƙa hannu ya ce, "Sannu Labo!" Innalillahi! Kaka ya dube shi tun daga ƙafa har kai, ya ce, "Amarya, wannan ba rashin kunya ba ne, rashin kaka ne." Ya sa shi gaba da darasi, cire takalmi, durƙusa, sadda kai. Kafin mako ya zagayo Lukman na durƙusa wa har mai tallar ƙosai. Shi kuma ya koya wa Kaka kiran waya mai hoto, ya haɗa shi da tasa mahaifiyar can Kanada. Kaka ya gaishe ta, ya gaida mijinta, ya tambayi awakinta, aka ce ba ta da su, ya yi mata jaje. Yana cikin tambayar maƙwabta batir ya mutu. Ya juya wayar gaba da baya ya ce, "Matar tana da kirki. Wannan abar ce ba ta da tarbiyya, ta tafi ba sallama."

Dariya ta ƙare ranar da na faɗa masa maganar burtali.

"Ke? Gaban mai gari? A kan gonata?"

"Kaka, bara saura kaɗan a zubar da jini tsakaninmu da makiyaya, mutanen Ardo."

"Na sake ki! Saki uku! Kwashe tuwonki."

Ya saba sakina duk ranar da miya ta yi gishiri, amma wannan karon bai yi dariya ba, kuma da gaske ya daina cin tuwona. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na san in na yi magana na tona shi a bainar jama'a, in na yi shiru kuma na ci amanar waɗanda suka zaɓe ni.

Ranar taron, ƙofar mai gari ta cika. Dattawa a kan tabarmi, Ardo da mutanensa a gefe, mu matasa can baya a ƙasa. Ina miƙewa wani dattijo ya ɗaga hannu. "Yara ba su magana inda manya suke. Labo, jikanyarka ce, faɗa mana abin da suke so."

Na ce shi ke nan, ta ƙare. Kaka ya tashi a hankali, ya naɗe buzunsa, ya ratsa mutane har inda muke, ya zauna dirshan a ƙasa kusa da Lukman.

"Ranka ya daɗe, ni yau yaro ne. Ga shugabarmu nan, ita za ta yi."

Na faɗi komi, har da gonar wake. Da na gama mai gari ya ce to daga gonar wa za a fara ja da baya? Kowa ya sunkuyar da kai.

"A fara da tawa," in ji Kaka. "Amma a bar ni in rore waken bana. Shugabar tamu ta iya magana, miya ce dai sai da taimako."

Ranar ya ci tuwona har da neman ƙari. Bayan girbi shi ya fara dasa shingen aguwa a sabuwar iyaka, sauran suka bi. Bai ga shanun sun wuce ba, Allah ya karɓi abinsa kafin ruwan farko. Ni na tsaya bakin gonar na gan su, suna tafiya a natse ba mai kora, na yi kuka har na gode Allah.

Allah ya jiƙan Kaka Labo, ya yafe masa kurakuransa. Ya matsa ya ba bayin Allah hanya, ya Rabbi ka yalwata masa makwancinsa. Amin.